Guntuwar Yaya Mai Ƙafa Uku

Yayana mai shagon labule ne. In ka same shi a bakin aiki, tef ɗin awo a wuya, allurai a bakin aljihu, yana lallaɓa matar wani a kan cewa ruwan toka ya fi dacewa da falonta, ba za ka taɓa cewa bawan Allahn nan yana da wani hauka ba. Yana da shi kuwa. Ga shi can a ƙofar shago, ja wur, mai taya huɗu.

Ƙaramar mota ce mai yankakken baya, irin wadda ake ɗaga ƙofar bayanta sama har da gilashin. Masu son irinta guntuwa suke ce mata. Ta Yaya kuma ba irin guntayen da ake kai yara makaranta ba ce. Ƙasa-ƙasa take, tayoyinta masu faɗi, in salansarta ta yi gyaran murya da safe sai kajin maƙwabta sun watse. Ranar da ya kawo ta gida ya ce mana wai saboda sandunan labule ya saye ta, in an kwantar da kujerun baya suna shiga tsaf. Mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, ta zagaya motar a hankali ta ce, "To, sandunan ne suka ce sai ja?"

Ni ce ƙaramarsu a gidanmu, har yau da furfurata Auta yake kirana. Ban taɓa son mota ba. A wurina ta kai ni kemis ɗin da nake aiki ta dawo da ni, magana ta ƙare. Amma wanda ya tashi gida ɗaya da Yaya dole ya san giya. Ta mota nake nufi. Sai na fayyace, don akwai wata tsohuwa a layinmu da ta taɓa jin ana cewa Yaya ba shi da hira sai ta giya, ta yafa mayafi ta zo har gida yi wa mahaifiyarmu jaje.

Kowace Asabar da yamma, in ya rufe shago, wurin wankin mota yake nufa, can bayan gidan mai. Akwai wani dogon benci a ƙarƙashin rumfar kwano, ƙafarsa ɗaya ta karye an tokare da bulo. Nan masu guntaye ke haɗuwa. Su jera motocinsu, su buɗe bonet, manyan mutane da iyali su tsaya suna leƙen inji kamar an yi haihuwa. Daga nan sai musu, kuma musun ɗaya ne tun ina budurwa: mota mai giyar hannu ko otomatik. Na sha jin sa, don in Yaya ya ɗauko ni daga kemis a ranar, sai in zauna a cikin mota ƙofa a buɗe ina jiran su gaji.

"Mota ƙafa uku gare ta," in ji Yaya. "Kulochi, birki, totur. Wadda aka cire wa ɗaya gurguwa ce."

Lauya ne ke fara tare shi, ko da yake shi ma tasa mai giyar hannu ce. Ba lauya ba ne, tayil yake sayarwa, sai dai ba a taɓa kayar da shi a musu ba don ba ya yin shiru. "Gurguwar nan fa ta fi ka sauri. Kafin ka ɗaga ƙafa ta shiga ta uku."

"Ta shiga da izinin wa? Kana zaune kamar buhu, mota na yanke maka shawara. Ni in na hango kwana, tun kafin in shiga na sauko ta biyu. Ita sai ta shiga take fara tunani."

"A cunkoso fa? Ƙafarka ta hagu ba ta kuka?"

"Wanda ya sayi guntuwa don cunkoso ai ya ɓata kuɗinsa, da ya sayi kujera mai laushi ya zauna a gida."

Daga wannan musu Yaya ya kafa dokarsa, wai wanda motarsa ke da ƙafa biyu ba ya zama a benci. Da wasa aka fara. Sai ga Dogo, amininsa tun suna firamare, ya canja mota ya sayo guntuwa otomatik saboda ciwon gwiwa. Ya zo ya zauna a inda ya saba, kusa da Yaya. Yaya ya ce, "Tashi." Kowa ya yi dariya, Dogo ma ya yi, Yaya ne kaɗai bai yi ba. Dogo ya dube shi, ya miƙe, ya jingina da motarsa har aka watse. Asabar ta gaba ya zo da kujerarsa ta ninkewa a but, ya kafa ta gefen benci. Haka suka ci gaba shekara da shekaru, a gaisa a tambayi iyali, amma hirar nan ta da ta mutu. Taurin kai dai su biyun babu na zaɓe.

Akwai abin da 'yan benci ba su sani ba, ni na sani. Matar Yaya malamar firamare ce, shi ma Malama yake ce mata. Mace ce marar hayaniya, in ta yi magana sai ka matso. Farkon aurensu ya ce sai ya koya mata tuƙi. A ranar farko ta kwashe tukunyar fulawar maƙwabci, ta fito ta ce ita da sitiyari har abada. Ta koma kujerar gefe, ta ɗora hannu a kan sandar giya ta ce, "Kai riƙe abinka, ni ba ni wannan." Tun daga nan suka raba aiki, shi ya taka kulochi, ita ta sa giya. Da farko yana faɗa mata, biyu, uku. Daga baya ya daina, don kunnenta ya riga ya san kukan injin.

Ranar Lahadi sukan fita bayan gari, kan wata hanya mai kwane-kwane, ba wurin kowa za su ba. Sau ɗaya suka tafi da ni. Ina baya ina kallo, hannuwansa biyu a sitiyari, hannunta ɗaya a giya ɗaya riƙe da jakarta a cinya. Babu mai cewa uffan. Kwana ta taso, ƙafarsa ta sauka, hannunta ya motsa, motar ta shige kamar mutum ɗaya ke tuƙa ta. Sai na ji kunya ta kama ni, kamar na leƙa ɗakin da ba a ce in shiga ba. Da muka shigo gari ta janye hannunta, ta waiwayo ta ce, "Auta, ba ki ga komai ba." Na ce ban gani ba.

Rashin lafiyar Malama bai daɗe ba ta rasu. 'Yarsu ɗaya ce, tana aure a nesa, ta zo ta yi abin da za ta iya ta koma bakin aikinta. Gida ya rage Yaya kaɗai. In na je sai in tarar tabaraun Malama yana nan a bakin taga inda ta ajiye, ya goge ƙurar wurin ya mayar da shi. Fitar Lahadi ta tsaya. A kan sandar giyar akwai wani wuri da zobenta ya goge har lambobin suka dushe, Mai Wanki, mai wurin wankin motar nan, ya taɓa cewa zai samo masa sabon kai, Yaya ya yi masa kallon da bai sake tayar da maganar ba.

Benci kaɗai ya rage masa, shi ma bencin ya canja. Tsofaffin wasu sun ƙaura, wasu sun koma manyan motoci saboda jikoki. Samari suka cika wurin da sababbin guntaye, duk otomatik, wasu har da 'yan maɓallai a bayan sitiyari da ake taɓawa da yatsa giya ta canja. Ba su san da wata doka ba, suka zazzauna abinsu. Yaya ya gani ya kawar da kai, don in ya kore su daga shi sai Lauya. Dogo kuwa yana nan a kan kujerarsa, yana kallon yara masu ƙafa biyu a kan bencin da aka hana shi.

Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya sami Yaya a kan tsani, yana ɗaura labule a gidan wani. Sukurdireba ta suɓuce daga hannunsa, ya ce a miƙo masa, maganar ta fito a karkace. Ya kwanta asibiti. Allah ya taimaka bakin ya dawo, ƙafafu suka dawo, sai hannu ɗaya da ya ƙi, kuma hannun giya ne. Yana iya ɗora shi a sitiyari, yana iya riƙe kofi in bai cika ba, amma tura sandar nan ta gagara. Na kwashe kayana na dawo ɗakin baya na gidansa, don ni ma ba kowa nake bari a nawa ba.

'Yarsa ta dinga kirana a waya. "Gwaggo, don Allah ki lallashe shi. A sayar da ita a saya masa otomatik. Likita ma ya ce da ita zai iya tuƙi." Gaskiya ta faɗa, ni ma na faɗa masa, ba sau ɗaya ba. Sai ya ce, "Na ji," ya juya kai wajen taga.

'Yan benci sun zo duba shi sau ɗaya. Suka cika falo, Lauya ya buɗe baki.

"Ranka ya daɗe, duniya ta wuce wurin nan. Na yanzu kulochi biyu gare su a ciki, kai ɗaya kake taƙama da shi."

"Biyu a ciki, ko ɗaya ba a ba ka ka taka ba," in ji Yaya. "Ai kamar a ce kana da shanu a wani gari."

Aka yi dariya, aka sha shayi, aka tafi, ba su sake dawowa ba. Ba mugunta ba ce, kowa da abin da ke gabansa. Dogo shi kaɗai ya zo daban. Ya zauna ya tambayi jiki, bai ambaci mota ba. Da zai tafi ya ajiye makullin tasa a kan tebur ya ce, "Ka gwada ta ko zagayen layi ne." Bai kai ƙofar gida ba Yaya ya ce in bi shi da makullinsa, wai ya manta.

Asabar ce ta fi yi mini ciwo. Da yamma sai ya yi wanka, ya sa riga mai guga, ya shiga motar a tsakar gida. Ya tayar da ita, ya taka kulochi, ya yi ta fama da hannun. Wani lokaci ya saki sitiyari ya miƙo ɗaya hannun ta kan cikinsa, ya ga dai ba tuƙi ba ne wannan. Sai ya kashe injin ya zauna, fuskarsa na kallon bangon gida, har rana ta sauka. Ina tagar kicin ina kallonsa. Tausayinsa yana cin raina, haushinsa ma yana ci, don ga mafita a fili mutum ya ƙi ta. A lokacin na ɗauka dokar benci ce kawai yake jin kunyar karyawa.

Wata Asabar haushin ya rinjaya. Na ajiye wuƙa da albasa, na fita na buɗe ƙofar gefe na zauna.

"Nuna mini."

"Ke da ba ki san birki da totur ba?"

"Ƙafa kake nema ko hannu? Hannu dai ga shi."

Ya daɗe yana kallon hannuna. Sannan ya ce, "Ɗaya tana sama ta wancan gefen. Biyu ki jawo ta ƙasa. Kar ki yi kokawa da ita, ba tulu ba ce."

Na yi kokawar kuwa. Makonni muka yi a layin bayan gida inda babu motoci, yana kiran lamba ina turawa. In na yi gaggawa giyar ta yi ƙara ƙurrr, sai ya runtse ido kamar haƙorinsa nake cirewa. Na taɓa tashi daga biyu na faɗa biyar, motar ta yi shaƙuwa ta mutu a gaban mai kanti. Muka yi faɗa, na ce ya nemi wata 'yar aikin, washegari na dawo na zauna. A hankali hannuna ya faɗa, har ranar da ya ce, "Asabar za mu benci." Ya faɗa kamar ba komai ba, amma tun Juma'a ya goge takalminsa.

Muka fita. Ɗaya, in ji shi. Biyu. Muka zagaya shataletale lafiya, muka hau miƙaƙƙiyar hanyar da ke zuwa gidan mai. Injin ya ɗauki murya, na ga kafaɗun Yaya sun saki, rabon da in ga fuskarsa haka tun Malama na da rai. Ƙafarsa ta sauka a kan kulochi. Na jira lamba, shiru. Motar tana ta sulalewa da kanta, shi idonsa na kan hanya, hankalinsa kwance.

"Yaya, me kake jira?"

Ya ɗan zabura. Ya kalli hannun da ke kan giyar, ya ga nawa ne, ya mayar da ido kan titi.

"Uku," ya ce, da wata 'yar murya.

Na sa. A nan na gane ba kunyar benci ce ta hana shi rabuwa da motar nan ba.

Tun daga nesa suka ji salansar. Kafin mu tsaya samarin sun miƙe suna tafi, Mai Wanki ya ɗaga tiyo sama ruwa na zuba a kansa. Yaya ya fito a hankali, aka buɗa masa wurinsa ya zauna. Dogo na kan kujerarsa, ya bari hayaniya ta lafa sannan ya ce, "Sannu da zuwa. Wa ya sa giya?"

"Ni na taka kulochi," in ji Yaya.

Lauya ya shiga tsakani. "Doka ƙafa ta ce, ba ta ambaci hannu ba. Zamansa ya halatta."

Dogo ya leƙo ni a cikin mota. "Auta, ke ce kika sa ta biyu a bakin gidan mai? Har nan muka ji kukanta, na ce wa ake yankawa."

Ni kuma bakina ba ya jiran shawara. Na ce, "Ku yi mini uzuri, sabon hannu ce. Ina zan kamo Malama, da ta yi shekara da shekaru tana sa masa ko lamba ba ya kira?"

Sai da maganar ta fita na tuna na ce ban ga komai ba. Dogo ya gyara zama a hankali.

"Tsaya, tsaya. Mota na tafiya, hannuwanka biyu a sitiyari, ba ka ce komai ba, giya na canja kanta?" Ya buga cinya. "Bawan Allah, wannan ai otomatik ce! Ashe tun kafin in sayi tawa kake tuƙa otomatik, ka dubi idona ka tashe ni daga benci!"

Rumfar ta ɗauka. Lauya har da riƙe ciki, samarin da ba su san Malama ba ma suna ta ƙyaƙyatawa. Na kalli Yaya, sai na ga shi ma dariya yake, ta gaske, kafaɗunsa na rawa. Sai dai kowa ya gama shi bai gama ba, har ya sa hannunsa mai lafiya yana share ido, aka rasa inda za a kalla.

"Irinta guda ɗaya aka yi," ya ce.

Dogo ya miƙe, ya ninke kujerarsa ya jingina ta da ginshiƙin rumfa, ya zo ya ce wa saurayin da ke kusa da Yaya ya matsa. Ya zauna. Can sai na ji yana tambayarsa ko har yanzu motar tana shan mai kamar da, Yaya yana cewa sharri ne.

Da za mu koma rana ta yi sanyi. Raina fes, ina ganin komai ya gyaru. Kunnena kuma ashe ya fara koyo ban sani ba. Muna hawa miƙaƙƙiyar hanyar nan na ji injin ya kai inda yake kaiwa, ƙafar Yaya ta sauka, kafin ya buɗe baki na zura ta uku. Ta shiga sumul, ko ƙis ba ta yi ba. Ya saki kulochi, motar ta miƙe. Na gyara zama ina jiran yabo.

Muka ɗan taɓa tafiya, sai ya sa sigina ya gangara gefen titi ya tsaya. Injin na aiki, motoci na wuce mu. Ya daɗe yana kallon wurin nan da ya dushe a kan sandar, gefen yatsuna.

"Auta, kin iya," ya ce. "Wallahi kin iya. Amma ki riƙa bari in faɗa miki."

Magana ta taso mini har bakin leɓe, irin tawa mai zafi, bayan duk wahalar da na sha. Sai na dubi fuskarsa na haɗiye ta.

Na ce, "To, Yaya."

Har yanzu kowace Asabar muna zuwa benci. Ya koma shago ma, yana zaune yana awo da baki wani na hawa tsani. Sau da yawa ina riga shi jin injin, hannuna na kan giya, amma ba na motsawa. Wani lokaci a kan hanyar nan yakan taka kulochi ya yi shiru, motar ta yi ta sulalewa da mu na ɗan numfashi ɗaya ko biyu. Na daina tambayarsa me yake jira. In ya gama sai ya ce uku, ni kuma in sa.